A Daidaita Mudu Kafin a Kwance Buhu

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar hatsi ya san cewa ba da zancen kuɗi ake fara ciniki ba. Mai saye yakan fara ɗaukar tiyar da ke gaban mai awo, ya jujjuya ta, ya leƙa gindinta ko an bubbuge shi ya shige ciki, sannan ya tambaya: "Za ka cika ta yi tsororuwa ne, ko shafe baki za ka yi?" Sai an gama wannan magana ake kwance bakin buhu. In aka bari har aka auna tiya ashirin sannan aka tayar da zancen girman kwano, to sai dai Sarkin Kasuwa ya raba.

'Ya'yana da ƙannena masu shirin digirin digirgir, wannan kasuwa ita nake so ku riƙa tunawa a duk lokacin da kuka zauna rubuta shimfiɗar bincikenku. Na daɗe ina zama a wurin kare kundi, kuma abin da na fi ganin yana kayar da ɗalibi ba ƙarancin ƙwazo ba ne. Za ka ga yaro ya sha rana, ya sha ruwan sama, ya cika akwati da takardun tambayoyi, ya sayar da fili ya biya masu taya shi aiki. Sai mai jarrabawa na waje ya gyara tabarau ya ce, "To malam, wa ka ƙirga, wa ka bari?" Shi ke nan sai gumi.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini takensa: tasirin talauci a kan lafiyar yara a karkara. Na ce masa taken ya yi kyau, amma ina da tambaya uku. Wane ne yaro? Mene ne talauci? Wace lafiya kake nufi? Ya yi dariya, yana tsammanin zolayarsa nake yi. Na ce ya ɗauki biro ya rubuta amsa. Ya rubuta "yaro shi ne ƙaramin mutum", ya soke. Ya rubuta "talaka shi ne wanda ba shi da hali", ya dube ni, shi ma ya san bai faɗi kome ba. Mun shafe wata biyu a kan waɗannan kalmomi uku, kuma wata biyun nan su suka cece shi daga asarar shekara biyu. Tun ran gini ran zane.

Kada ku ɗauka wannan wata bidi'a ce da boko ya zo da ita. Wanda ya zauna a zauren malam ya ji ana cewa ta'arifi sai ya zama jami'i kuma mani'i, wato ya tattaro duk abin da ke cikinsa, ya kuma tare ƙofa ga abin da ba ya ciki. Dubi zakkar dabbobi: raƙuma sai sun kai 5, shanu 30, awaki da tumaki 40. Mai tumaki 39 ba ya ciki, ko da kowace tunkiya tasa ta fi ta maƙwabcinsa ƙiba. Malaman hadisi ma ba su ce sahihi shi ne wanda ya kwanta musu a rai ba. Sun gindaya sharuɗɗa biyar, kowane hadisi aka ɗora shi a kansu. Abin da ake nema gare ku ke nan: ku yanka iyaka, ku rubuta ta, yadda wani zai bi sawunku ya isa inda kuka isa.

Wa za a ƙirga?

Mu fara da wanda zai shiga binciken. Na taɓa tsayawa a wata cibiyar kula da yara masu tamowa ina kallon ma'aikaciya tana aiki. Uwa ta zaunar da yaro a cinya. Ma'aikaciyar ta lanƙwasa hannunsa na hagu, ta nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, ta sa alama, ta saki hannun ya sauka, sannan ta zagaya dantsen da ɗan zaren awon nan mai launi uku, ba ta matse ba, ba ta kuma bar shi sako-sako ba. In awon ya gaza milimita 115, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Daga nan sai ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa biyu, ta ƙirga daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, shi ma ya shiga sahun masu tsanani ko da dantsensa ya cika. Kuma wannan awo na yaran da ke tsakanin wata 6 zuwa wata 59 ne kaɗai. Ba ruwanta da cewa yaron "ya rame" ko "ya yi kyan gani". Kowace ma'aikaciya a Maraɗi ko a Sakkwato za ta bi matakan nan ta samu amsa ɗaya.

Ga abin lura. Kafin shekarar 2009 iyakar da aka fi aiki da ita milimita 110 ce, sai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115. Adadin yaran da ake kira masu tamowa mai tsanani ya ƙaru, alhali ba wanda ya ƙara ramewa a daren. Kwanon ne aka sauya. Misali mafi kusa da mu shi ne na rashin aikin yi a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari ne ba su da aiki. A watanni ukun farko na 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe ba. A tsohon lissafi, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon lissafi, wanda ya yi aikin awa ɗaya na neman kuɗi cikin kwana bakwai ya shiga sahun masu aiki. Ɗalibin da ya jera alƙaluman nan biyu a zane ɗaya ya ce rashin aiki ya ragu, ya auna buhu ɗaya da mudu, ɗaya da tiya, ya kuma kwatanta su.

Faɗin ƙofar da za ka buɗe ya danganta da abin da kake nema. Masu farautar shan inna da gangan suka baza raga mai faɗi: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda wata gaɓa tasa ta saki farat ɗaya, ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, da tazarar aƙalla awa 24 tsakani, a kai ɗakin gwaji. Yawancinsu ba shan inna ba ne, amma gara a kama ɗari a tace da a bar ɗaya ya kuɓuce. Da irin wannan naci aka kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mai gwada magani kuwa ƙofa matsattsiya yake buƙata. A gwajin maganin tarin fuka na sitireftomaisin da aka buga a Ingila a 1948, ba kowane mai tari aka ɗauka ba. Sai mai shekara 15 zuwa 30, wanda cutar ta kama huhunsa biyu, sabuwar kamu ce mai ci gaba, kuma an ga ƙwayar a gwaji. Saboda haka ka tambayi kanka: wanne ya fi yi wa bincikena illa, in bar mai cuta a waje, ko in shigo da marar ita? Amsar ita za ta yanka maka ƙofa. In kuma ba za ka iya tabbatar da kowa a ɗakin gwaji ba, ka raba su hawa uku, wanda ake zargi, wanda alamu suka rinjaya a kansa, da wanda aka tabbatar, kada ka zuba su a ƙwarya ɗaya.

Sharuɗɗan fitarwa ma a rubuta su, kowane da dalilinsa. Ka sani duk wanda ka fitar, ka fitar da bakinka daga magana a kansa. In a asibiti ka tattara bayanan mata masu haihuwa, to maganarka a kan matan da suka iso asibiti ce, ban da ɗimbin waɗanda suka haihu a ɗaki a hannun ungozoma. Kuma in mutuwar mata a dalilin haihuwa kake ƙirgawa, ma'anar da duniya ta yarda da ita ta haɗa da lokacin goyon ciki har zuwa kwana 42 bayan ƙarewarsa, wato kwana biyu bayan arba'in, ban da wadda ta rasu ta hanyar haɗari kamar na mota. Wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa kaɗai ya bar duk matar da jini ko zazzaɓin jego ya ɗauke bayan an yi suna.

Me za a auna, da wane kwano?

Yanzu mu zo kan abubuwan awo, waɗanda kuke kira bariyabul. A nan ni kaina na sha kashi, kuma gara in faɗa muku da bakina. Lokacin da nake nawa binciken na ɗauki matasa biyu su taya ni zagaya ƙauyuka. Tambaya ta uku a takardata ita ce, "Mutum nawa ne a gidan nan?" Bayan makonni ina duba takardu da fitilar ƙwai, sai na ga gidajen da ɗayansu ya shiga duk cike suke da jama'a, na ɗayan kuwa 'yan ƙanana ne, alhali unguwa ɗaya suka yi aiki. Da na tsananta tambaya sai gaskiya ta fito. Na farkon yana ƙirga duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, da sashen maigida da na ƙannensa da na 'ya'yansa masu aure. Na biyun yana ƙirga masu ci daga tukunya ɗaya ne kawai. Kowannensu yana da gaskiya, domin duka biyun gida ne a Hausa. Laifin nawa ne da ban zaɓa ba. Sai da muka sake bin ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, ga damina ta sauka, mutane duk suna gona, hanya ta yanke. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Harshenmu yana da yalwa, kuma yalwar nan ita ce tarkon mai bincike. Ka ce wa uwa, "Yaronki ya yi zazzaɓi?" Za ta ce e, ko na cizon sauro ne, ko na haƙori, ko na mura. Kalmomin shawara da sanyi da basir kowace jaka ce da ake zuba cututtuka iri-iri a ciki. Ka ce wa dattijo, "Baba, ka yi karatu?" Ya ce a'a, domin ya ɗauka boko kake nufi, alhali ya sauke Alƙur'ani, yana kuma rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa da ajami. In ka rubuta shi a sahun waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, ka zalunce shi, ka kuma ɓata lissafinka. Ka tambayi manomi abin da yake samu a wata, ya dube ka kawai, domin shi da dami da buhu yake lissafi, kuma amsar da zai ba ka da kaka daban take da wadda zai ba ka a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Shekaru ma haka: ka duba takardunka za ka ga kowa 30 ne ko 35 ko 40, kamar ba a haihuwar mutane a sauran shekarun. Ga ƙananan yara, sai ka tanadi kalandar gari, ka riƙa tambaya ko kafin azumi aka haife shi ko bayan babbar salla, ko an yi girbin gero ko ba a yi ba.

Maganin wannan duka shi ne ɗan littafi guda da za ka rubuta kafin ka fita. Kowane abin awo ya samu layinsa: sunansa, ma'anarsa a wannan binciken, abin da za a auna shi da shi, ma'aunin da za a rubuta, wanda zai auna, da lokacin da za a auna. Ka ware alama ta musamman ga "ban sani ba" da "ya ƙi amsawa", domin gurbin da aka bari fayau ba sifiri ba ne. Wanda bai faɗi yawan shanunsa ba daban yake da wanda ba shi da ko ɗaya. Ka karɓi adadi yadda yake, shekara 37 ko kilo 9.4, kada ka tattara mutane rukuni-rukuni tun a fili, domin daga adadi ana iya yin rukuni, daga rukuni kuwa ba a komawa adadi. In da Turanci aka tsara tambayoyin, wani ya mayar da su Hausa, wani daban da bai ga na asalin ba ya sake mayar da su Turanci, a kwatanta. Sannan ka gwada su a kan mutane kaɗan a wani ƙauye da ba ya cikin bincikenka, ka zauna ka saurari yadda suke fahimtar kowace kalma.

Ka kuma san matsayin kowane abin awo. Akwai wanda kake zargi shi ne sanadi, akwai wanda ya biyo baya, akwai kuma ɗan kutse, wanda ke da hannu a duka biyun. A ce kana son sanin ko takin zamani na ƙara amfanin masara. Ka ga masu sa taki sun fi samun buhuna. Amma mai iya sayen taki sau da yawa shi ne mai shanun huɗa, mai gona ta gari, mai iya ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masa noma a kan kari. In ba ka auna waɗannan ba, ba wata manhajar kwamfuta da za ta raba maka rabon taki da rabon wadata. Ka ɗauki farar takarda ka zana kibiyoyi daga wannan zuwa wancan, ka kai wa manomi ko ma'aikacin gona ya duba. Sau da yawa shi zai nuna maka ɗan kutsen da littafi bai ambata ba.

Mene ne nasara?

Saura babban al'amari, wato sakamakon da za a yi hukunci da shi. Ka zaɓi guda ɗaya ya zama babba, sauran su bi bayansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma gudan nan sai ya amsa tambaya huɗu: mene ne, da me za a auna shi, yaushe, kuma wane bambanci ne ya isa a kira shi bambanci. "Ingantuwar karatun yara" buri ne kawai. "Yawan kalmomin Hausa da ɗan aji uku zai karanta daidai cikin minti ɗaya, a ƙarshen zango na uku" shi ne abin da za a iya aunawa. A gwajin tarin fukan da na ambata, an duba mutuwa cikin wata shida: 4 cikin 55 na waɗanda aka ba magani, 14 cikin 52 na waɗanda aka kwantar kawai. Hotunan ƙirji kuma an ba likitocin da ba su san wa ya sha magani wa bai sha ba su karanta, don kada son zuciya ya shiga idonsu.

Ku yi hattara da sakamakon aro, wanda ake aunawa don ya fi sauƙi, ana fatan yana wakiltar na ainihi. A Amurka likitoci sun lura cewa waɗanda suka yi bugun zuciya, in zuciyarsu na yawan tsallen bugawa, sun fi saurin mutuwa. Aka samu magunguna masu daidaita bugun, na'ura kuma ta nuna sun daidaita shi. Da aka yi babban gwajin da ake kira CAST aka ƙirga mutuwa ita kanta, sai aka dakatar da biyu daga cikin magungunan a 1989, domin masu shan su sun fi masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta mutuwa fiye da ninki biyu. Takarda ta yi kyau, mutum ya tafi. Mu ma muna da irin namu. Yawan gidan sauron da aka raba daban, yawan waɗanda aka kwana a ciki daban, raguwar zazzaɓin cizon sauro kuma daban. Wanda ya zaga ƙauye ya ga an kewaye lambu da gidan sauro ya san haka. Yawan manoman da suka halarci bita bai nuna ko ɗaya ya sauya yadda yake shuka ba.

Akwai daren da zai zo wa kusan kowane ɗayanku. Ka gama shigar da bayanai, ka danna, kwamfuta ta ce babu wani bambanci. Shekara uku ke nan. Sai zuciya ta fara raɗa: ai in ka cire tsofaffi, ko ka mayar da iyaka 12 maimakon 11, ko ka ɗauko sakamako na bakwai ka mai da shi na farko, wani abu zai fito. Kuma lalle zai fito. A ma'aunin da aka saba na kashi 5 cikin ɗari, in ka gwada abubuwa 20 marasa alaƙa da juna, waɗanda ba kome a cikinsu, yiwuwar aƙalla ɗaya ya haska maka bisa katari ta kai kashi 64 cikin ɗari. Wannan shi ne tauye mudu a ilimi, kuma kun san akwai sura a Alƙur'ani a kan masu tauye awo. Saboda wannan ne manyan mujallun likitanci suka wajabta tun 2005 a yi rajistar gwaji kafin a fara ɗaukar marasa lafiya. A 2015 Robert Kaplan da Veronica Irvin sun duba manyan gwaje-gwaje 55 na cututtukan zuciya da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi. Cikin 30 da aka buga kafin shekarar 2000, guda 17 sun ce magani ya yi aiki. Cikin 25 da aka buga bayan nan, lokacin da aka fara rubuta sakamakon da za a auna a bainar jama'a tun kafin a fara, 2 kacal. Ku yi tunani a kan wannan tazara.

Ba na cewa ba a sauya ma'ana in an shiga fili an ga ba ta aiki. Ana yi. Amma a yi shi da rana tsaka: ka rubuta ranar da ka sauya da dalili, ka sanar da malamin da ke duba aikinka da kwamitin ɗa'ar bincike, ka kuma nuna a kundi abin da tsohuwar ma'ana ta bayar da abin da sabuwa ta bayar. Abin da ka tsinta a hanya ka kira shi tsintuwa, ka bar wa na baya ya gwada. Kuma "ban samu bambanci ba" sakamako ne cikakke, ana ba da digiri a kansa, matuƙar awon ya inganta.

Ku 'yan sashen harshe da tarihi da zamantakewa, kada ku ce wannan ta masu farar riga ce. In littattafan adabin kasuwar Kano kake nazari, wanne ne ya shiga? Wanda aka buga a Kano kaɗai, ko har da na Kaduna da Gusau? Daga wace shekara zuwa wace? Wanda ake sakawa a WhatsApp babi-babi fa? In ka zaɓi guda goma don su ne suka goyi bayan ra'ayinka, kai da mai bubbuge gindin tiya ba ku da maraba.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina kafin in sa hannu su fita fili, ku ma ku yi wa kanku. Ka rubuta ma'anonin nan duka a shafi ɗaya. Ka ba abokin karatunka da bai taɓa jin bayanin aikinka ba, tare da misalai goma, ciki har da masu wuyar sha'ani: yaro mai wata 59 da kwana 20, matar da ta zo wankan jego gidan iyayenta, almajirin da ke kwana a zaure yana cin abincin gidan. Kai ma ka rarraba su a keɓe, kada ku yi magana. In rabonku ya zo ɗaya, mudunka ya daidaita. In kun saɓa ko a guda biyu ne, ka koma ka gyara, domin saɓanin da ya faru tsakanin mutum biyu a ɗaki ɗaya zai ninka a hannun mataimaka biyar a ƙauyuka ashirin. In ya daidaita, ka sa kwanan wata, ka sa hannu, malaminka ya sa, ka ba shi kwafi ya ajiye a durowarsa inda hannunka ba zai kai ba. Daga nan sai ka kwance buhu.

Allah ya ba ku sa'a, ya sa albarka a abin da za ku auna.